Kantar Sama a Shagon Doña Nilda

Kowace safiya, kafin masu shagunan layin su gama ɗage ƙofofinsu na ƙarfe, Doña Nilda Barreiro ta riga ta sauka daga bas a titin 18 de Julio, fulas a hammata, ƙoƙon shayin ganyen mate a hannu. Ba ta gaggawa. Za ta share bakin shago, ta goge gilashin da hayaƙin motoci ya dusashe, ta shiga ta hure ƙurar da ke kan allurar garmaho, sannan ta zaɓi faifan da za a buɗe ranar da shi. In gari ya waye da ruwa, fiyano take sawa shi kaɗai. In iskar kogi ta taso da sanyi, sai ta sa mai goge da yawa, wai don su ɗumama ɗakin. Haka take yi tun tana budurwa. Yau kanta ya yi fari fat, kuma a ƙarshen watan nan za a rufe shagon.

Shagon ba nata ba ne. Sunan wani ne a saman ƙofar, Discos Arbelo, kuma jikan mai sunan ya riga ya ba masu sayar da rigunan waya hayar wurin. Ita ma'aikaciya ce kawai, mai tsayuwa bayan kanta. Amma duk wanda ya taɓa neman faifan kiɗan kilasik a Montevideo bai san wani Arbelo ba. Cewa ake yi, je wurin Nilda.

Ba zan ɗora wa jikan laifin duka ba, don laifin ya fi ƙarfinsa. Tun da labarin rufewar ya fita nake ganin mutane suna zuwa su tsaya a bakin shagon, su ɗauki hoto, su rubuta a waya cewa zuciyarsu ta karye. Ina kuke shekarun nan da matar nan take wuni ba wanda ya leƙo? Mu da muke cika zauren kiɗa da manyan riguna, mu tafa har hannu ya yi ja, mu ne dai muke shiga shagonta mu sa ta zaɓa mana, mu saurara, mu yi godiya, mu fita mu nemi abin a waya tun ba mu kai kwana ba. Shagunan da ke sayar da irin wannan kiɗa a garin nan sun rufe ɗaya bayan ɗaya, kowanne muka yi masa juyayin kwana biyu muka wuce. Na gaji da jin ana cewa zamani ne. Zamani ba ya da ƙafa. Mu ne muka daina takawa zuwa can.

To amma ba don in yi faɗa na ɗauki alƙalami ba. Na ɗauka ne don matar da ta tsaya.

Doña Nilda ba ta sayar wa mutum faifai yana tsaye. Akwai wata kujerar katako kusa da lasifika, duk wanda ya zo sai ya zauna a kai ya ji abin da yake shirin kaiwa gida. In ka ce kana sauri, za ta ce maka ka dawo ranar da ba ka sauri. Ta sha duban fuskar mai saye yana sauraro, ta ɗage allurar a hankali ta ce wannan ba naka ba ne tukuna, ta ɗauko wani. Ɗalibaina na sakandare da nake turawa wurinta suna dawowa da ƙorafin wai ta hana su taɓa waya har faifan ya ƙare. Sati na zagayowa kuma su koma da ƙafarsu.

Sai dai abin da ya sa unguwar ba za ta manta da ita ba shi ne kantar sama.

A bayanta, can kusa da rufi, akwai wata kanta da ba a sayar da abin da ke kanta. Mirta Techera, mai gidan burodin da ke manne da shagon, ita ta ba ni asalin abin. Ta ce shekaru da yawa da suka wuce wani tela ya rasu, mutum marar kowa, wanda kullum yake zuwa ya roƙi a sa masa faifai guda. Da Nilda ta ji an binne shi ba tare da ko mutum biyar a bayansa ba, ranar Asabar da safe ta buɗe ƙofofin shagon duka biyu, ta juya lasifika zuwa titi, ta sa masa faifansa daga farko har ƙarshe. Ba ta yi jawabi ba. Sunansa kawai ta faɗa, ta sauke allura. Daga ranar tsofaffin abokan cinikinta suka fara kawo nasu. Kowa ya zaɓi faifan da yake so a yi masa bankwana da shi, ya miƙa mata, ta hau tsani ta ajiye a sama.

"Ni ban taɓa sayen faifai ko ɗaya ba," in ji Mirta. "Amma in na ga ƙofa biyu a buɗe ranar Asabar, na san wani tsohonmu ya tafi. Sai in kashe rediyona, in ce wa masu sayen burodi su rage murya."

Ke ce, Doña Nilda, kika raka mutanen da 'ya'yansu suke ƙasashen waje. Ke ce kika tsaya a tsaye, hannu a bayanki, har faifan mamaci ya ƙare, ko da masu saye suna jira. Mai buɗe ƙofa biyu, ba wanda ya sa ki, ba wanda ya ƙara miki komai a kan hakan.

Cikin masu faifai a kantar sama akwai Don Heber Silveira, tsohon kwandastan bas. Shi da Nilda sun shekara arba'in suna tsokanar juna. Yana kiranta Janar, saboda yadda take ba da umarni. Ita kuma tana ce masa ƙarar injin bas ta cinye masa kunne tun da daɗewa, kuɗinsa kawai yake ɓatawa. Duk Asabar yana zuwa da ledar biskit daga wurin Mirta, ya mallake kujerar katakon, ya ce matenta ya yi sanyi, ya kuma shanye. A da, duk lokacin da suka yi faɗa sai ya sa ta hau tsani ta sauko masa da faifansa, ya musanya da wanda ya fi kowanne tsawo, wai don ranar da ya mutu ta sha tsayuwa. Bayan rasuwar matarsa Olga ne ya kawo wani tsohon faifai na goge huɗu, mai tafiya a hankali, wanda suke ji tare ranar Lahadi. Tun daga nan bai ƙara canzawa ba.

Da aka ce za a rufe shago, masu faifai suka riƙa zuwa ɗaya ɗaya suna karɓar nasu, kowa kansa a ƙasa. Kantar ta yi ta raguwa har ya rage faifai ɗaya. Don Heber bai karɓa ba, bai kuma yi maganar ba. Sanyin bana ya kwantar da shi, ya tashi da sanda. Ba ya zuwa coci, ɗansa ɗaya yana Kanada, kuma ya san ranar da ya tafi za a turo wanda zai kwashe kayan ɗakinsa a mota guda. Wannan faifan shi ne duk jana'izar da ya shirya wa kansa. Bai gaya wa Nilda ba. Mirta ya gaya wa, yana dariya, wai ya yi iya ƙoƙarinsa ya riga shagon tafiya, amma likita ya ce zuciyarsa ƙalau take, ko a wannan ma an cuce shi. Mirta ba ta yi dariya ba. Da ya fita ta cire rigar aikinta ta shiga shagon Nilda.

Asabar ɗin da ta wuce ita ce ta ƙarshe kafin a fara ɗaure kaya, kuma ina wurin. Wajen hantsi Doña Nilda ta fito ta zare sakatar ƙofa ta biyu, ta juya lasifika zuwa titi. Mirta ta kashe rediyo. Tsofaffin da suka taru suka shiga duban juna, kowa yana neman wanda babu. Ana haka sai ga Don Heber ya ɓullo kwana da sandarsa da ledar biskit. Yana ganin ƙofa biyu ya tsaya, ya cire hularsa, ya ƙaraso a hankali yana tambayar wa aka rasa. Nilda ta ja kujerar katakon ta kawo bakin ƙofa, ta ɗaga murya kamar yadda ta saba.

"Heber Silveira," ta ce, ta sauke allura.

Gogen farko ya shigo. Na ga hannun tsohon ya matse sandar.

"Janar, wannan ai nawa ne."

"Naka ne."

"To ai ban mutu ba."

"Na jira ka, ka ƙi," in ji ta. "Ni kuma ranar Litinin za su zo su kwashe lasifikan. Zauna, tsoho, kana tare wa mutane kiɗa."

Ya zauna. Ita ta koma ta tsaya, hannu a baya, kamar yadda ta tsaya wa tela da duk waɗanda suka biyo bayansa. Wata mata mai tura keken jariri ta dakata. Mai sayar da jarida ya baro rumfarsa ya tsallako. Wani direban tasi da ke jiran fasinja ya sauke gilashi ya kashe mota. Basa-basai suna wucewa suna haɗiye kiɗan, in sun wuce ya sake fitowa. Don Heber bai motsa ba, hula a gwiwa, idonsa a kan titin da ya shekara talatin yana bi yana karɓar kuɗin mota. Da gefen farko ya ƙare, Nilda ta juya faifan, ba wanda ya tafi.

Bayan allura ta kai ƙarshe, Don Heber ne ya fara magana. Ya fito da hankici ya fyace hanci, ya ce sautin ya yi ƙasa, kuma gefe na biyu akwai ƙarce wanda babu shi ranar da ya kawo faifan.

"Da na mutu, haka za ki yi mini ke nan?"

"Da ka mutu," ta ce, "da na ji faifan cikin kwanciyar hankali."

Mutane suka yi dariya, wasu suna share ido. Ta mayar da faifan cikin kwalinsa ta miƙa masa da hannu biyu. Ya karɓa ya rungume a ƙirji, ya ce ai wannan an riga an yi amfani da shi, dole ya zaɓi wani. Nilda ta tambaye shi a ina zai ajiye, tunda kantar ma za a ɓalle ta. Sai ya juyo ya dube mu, mu 'yan ƙalilan da ba mu da furfura a wurin.

"Wannan kuma matsalar yaran nan ce," ya ce. "Ni nawa zaɓe ne."

To, ga shi na kawo muku matsalar, masu karatu. Ba na roƙon kowa ya ceci shagon, lokacin hakan ya wuce muna kallo. Abin da matar nan ta yi shekara da shekaru bai buƙaci komai ba sai kanta ɗaya, garmaho ɗaya, ƙofa mai fuskantar titi, da mutumin da zai yarda ya tsaya har faifai ya ƙare. Muna da ɗakunan karatu na unguwa, muna da kulob-kulob, muna da makarantu da suke rufe ranar Asabar. Ni na riga na nemi a ba ni zauren makarantar da nake koyarwa, kuma ba zan daina ƙwanƙwasa ofishin shugaban makarantar ba sai an ba ni. Mirta ta ce ita za ta riƙa kawo biskit. Wanda yake da shagon faifai da ya rage a unguwarsa, ya ajiye wayar ya taka ya je tun ƙofar tana buɗe, ya zauna, ya saya.

Doña Nilda, mun gode. Mun gode da kujerar katako, da faifan da kika hana mu har sai da muka isa jinsa, da tsayuwar da kika yi wa waɗanda ba su da mai tsaya musu. Allah ya saka miki da alheri, ya ba ki hutu mai daɗi da tsawon rai. Na tambaye ki ranar nan ko ke ma kina da faifai a kantar sama, kika ce ba ki taɓa ajiyewa ba, don ba ki ga wanda zai hau tsani ya sauko da shi ba. Ki zaɓa, ki kawo. Mu za mu hau.