Ranar da Na Tuɓe Takalmi Don Mai Faskare

Ni sai da na haura sittin na fara riƙe biro, a wani ajin manya nan Lanham, kusa da Washington. Kowa ya wuce ni. Kunya ta ishe ni, na ƙudura zan daina zuwa.

Ranar da zan yi musu sallama, malama ta nuna hoton wata bukkar katako, wani direba ɗan Nijar yana fassara min. Wai nan aka haifi wani shugaban ƙasar nan, can bakin daji. Faskare yake yi, makaranta sai jefi-jefi, da kansa ya koya wa kansa karatu. Na miƙe na ce, "Kai! Wannan ai ɗan ƙauye ne irina!"

Na takura wa 'yata sai da ta kai ni Washington, inda mutum-mutuminsa yake zaune cikin wani ƙaton gini. A gindin matakala na tuɓe takalmi.

"Inna, don Allah mayar da takalminki, ba fada ba ce! Ana kallonmu."

"Rufe min baki. Wa ya taɓa shiga wurin babba da takalmi?"

Dutsen sanyi kamar ƙanƙara, amma na hau. Bango cike da rubutu. Na ɗaga yatsa ina bin baƙaƙen, sai ga kalma ta fito min, sai ga wata! Na rangaɗa guɗa, har ɗan sanda ya waiwayo, 'yata ta rufe fuska.

A mota na ce mata Litinin kar ta makarar da ni, ina da aji.