Kunamar da Na Manna a Bangon Shagona

Shekarun baya, lokacin ina da ɗan shagon kayan waya a kasuwar Batha, cikin Riyadh, na saro kwalin rigunan waya a hannun wani dillali. Baƙaƙe ne, kowace da ɗigo-ɗigon taurari da hoto: rago, zaki, kifi, kunama. Ni dai kyau na gani. A cikin kwalin akwai takarda mai nuna wane hoto ne na wane wata, sai na manna ta a bango. Matan Filifin masu aikin asibiti suka yi ta tururuwa. Har na ƙware: in tambayi mace watan haihuwarta, in dubi bango, in miƙa mata tata. Ina ta cika wa maƙwabta baki cewa ni na san kaya.

Wata Asabar abokina, ɗalibi a jami'a, ya tarar da ni ina wannan aiki. Ya bari matar ta fita, sannan ya janyo ƙofa. Ya ce hotunan nan buruji ne, waɗanda 'yan duba suke faɗa wa mutum sa'arsa da su. Ya nuna kunamar, ya ce a tatsuniyar Girkawa wani maharbi ne ya yi alfaharin zai ƙarar da dabbobin duniya, sai abar bautarsu ta ƙasa ta aiko kunama ta harbe shi. Wai allolinsu suka ɗora su biyun a sama, shi ya sa in taurarin kunama sun fito, na maharbin sai su faɗi.

"Alhaji, kai a Riyadh kake tambayar mata watan haihuwarsu kana duba bango? Me za ka ce in an ce duba kake yi?"

A makon nan ne kafilina, dattijon da takardar zamana take hannunsa, zai sabunta min ita, wato iƙama. Mutum ɗaya ya kai magana, shi ke nan, sai filin jirgi, da sunan boka. Na tuna mahaifiyata, wadda take gaya wa 'yan unguwa ɗanta yana kasuwanci a ƙasa mai tsarki.

Na hau kujera ina kankare takardar da farce, gam ya ƙi saki, sai ga kafilin ya turo ƙofa. Na amsa sallamarsa daga kan kujera. Na ga ƙarya ba za ta fisshe ni ba, na zayyana masa komai, har da maharbin.

Ya ɗauki rigar kunama ya daɗe yana kallo. Ya ɗora yatsa kan tauraro ɗaya a tsakiyarta, ya ce in wannan ya ɓullo da asuba, mahaifinsa ya san sanyi ya shigo, sai a fito wa raƙuma da mayafi.

"Tauraro yana faɗin sanyi, ba ya faɗin rabon kowa. Sauke takardar nan, kuma kar in sake jin ka tambayi mace watan haihuwarta."

A ranar na mayar wa dillalin sauran kwalin. Iƙama ta fito ran Alhamis.

Har yau duk kayan da zan sara, sai na tambayi ma'anar hoton da ke jiki, ko da fure ne. Dillalai suna min dariya, ina barinsu. Ni na san maharbin da ya cika baki, na kuma taɓa tsayawa kan kujera a madadinsa.