Luguden Ige

Shekarar da aka kai ni makarantar 'yan mata a Tambuwal, na koma Kebbe hutun farko da niyyar ba zan sake komawa ba. A aji muna nazarin wani littafin labari ne game da yarinya mai tasowa wadda ba ta san inda ta dace ba. Ranar da malama ta ce in faɗi ra'ayina, bakina ya yi nauyi, 'yan bayan aji suka ce 'yar ƙauye ta haɗiye harshenta. Daga ranar ban sake ɗaga hannu ba.

Ban gaya wa kowa niyyata ba. Amma kakata da na ci sunanta, wadda muke kira Inno, ta ga na tura akwatina can ƙarƙashin gado, na jera buhunan gyaɗa a gabansa. Bayan sallar magariba, muna zagaye da murhu tana gasa mana masara, sai ta ce yau Gizo ya huta, labarin kakarta Ige za ta ba mu. Ina tuna yadda take juya masarar da yatsu biyu, ba ta kallon kowa.

Ta ce tun kafin zuwan Turawa aka ɗauki Ige daga Fakku zuwa Tambuwal, gidan wani malami, don ta yi karatu wurin matarsa. Karatun bai gagare ta ba, daka ce ta gagare ta. 'Yan matan gidan lugude suke yi, su uku a turmi ɗaya, da sauri kamar kiɗa. Ita kuwa ta saba da dakan garinsu, a cilla taɓarya sama, a tafa, a cafe. Duk lokacin da ta shiga sai taɓare su gwaru, hatsi ya watse, a yi mata dariya. Da abin ya ishe ta, sai ta bi ayarin fatake ta gudu gida.

A Fakku ta ɗauki taɓarya da murna, sai ga shi hannunta ya riga ya ɗauki saurin Tambuwal. Nan ma aka gwaru. Ƙawayenta suka ce ai ta zama 'yar birni.

Ƙanena ya tambaya ko Ige ta yi kuka. Inno ta ce ta yi mana, har ta ƙoshi. Sannan ta share ido, ta ce a mayar da ita Tambuwal. Kullum aka fara daka sai ta zauna gefe tana saurare, tana buga gwiwarta da yatsa, har ta gane cewa tsakanin taɓarya da taɓarya akwai ɗan gurbi. Ranar da ta miƙe, cikin gurbin nan ta saka tata. Tafin garinsu ma ba ta bar shi ba, a nan ta cusa shi, har 'yan gidan suka dawo suna koyo.

Sai Inno ta miƙo mini masara, ta ce, "Takwara, turmi bai tambayar garin taɓarya. Wadda ta aje tata kau, ita adda yunwa." Ba ta rufe da ƙurunƙus ba, ta ce wannan bai ƙare ba tukuna.

Da hutu ya ƙare, ni na jawo akwatina da kaina. Mako guda ina sauraren yadda ake magana a aji, wa ke farawa, wa ke katse wa, inda malama ke ɗan tsayawa ta gyara mayafi. A irin wannan tsayawar na ɗaga hannu. Na ce yarinyar littafin ba ɓata ta yi ba, gida biyu gare ta, kowanne yana ganin ɗayan a jikinta. Wata ta yi dariya a baya. Na bari ta gama, na ci gaba.

Inno ta daɗe da rasuwa, kunyata kuwa tana nan. Amma duk inda na shiga na tarar ana daka ba da ni ba, nakan saurara tukuna, taɓaryata a hannu.