Ranar Da Na Ba Da Aron Motar Asibiti

Shekaru sun ɗan shige, kuma ban rubuta komai a lokacin ba, saboda haka mai yiwuwa na cakuɗa abin da na gani da abin da aka ba ni labari daga baya. Lokutan da zan ambata ma kintace ne. Abin da na tabbata shi ne ranar Talata ce, kasuwar Mafara na ci, kuma da damina ne, don an wayi gari ƙasa a jiƙe.

A lokacin ban daɗe da gama jami'a ba. Aikina shi ne zama a wani ɗan ɗaki a asibitin Mafara mai tebur ɗaya da wayoyi biyu. In wani abu ya faru tsakanin Talata Mafara da Bakura da Maradun, ni ake kira, ni kuma in nemo mota da direba da ma'aikacin jinya, in sanar da masu tsaro in hanyar na bukatar rakiya, in gaya wa asibiti su shirya gado. A takarda, motocin ɗaukar marasa lafiya uku ne a hannuna. Ta Bakura tun kafin in zo take ɗore kan duwatsu, kaji na kwana a ƙarƙashinta. Ta Maradun tana tashi, amma an yi mata doka kada ta bar gari sai da rakiyar masu tsaro, saboda halin da hanyar ke ciki. Ta Mafara ce kaɗai ke fita duk sanda aka nema, don direbanta dattijo ne da ke cewa shi ya wuce shekarun tsoron hanya.

Akwai wata al'ada da na iske ana yi. In mutum ya rasu a asibiti, danginsa kan roƙi motar ta kai gawar ƙauye. Takardar aikinmu ta hana, amma ban taɓa jin wanda ya ce a'a ba. Mutumin da ke tsaye gabanka da jajayen idanu, yana son a rufe ɗan'uwansa kafin rana ta yi zafi, ba a karanta masa takarda.

Da hantsi wani aminin mahaifina ya shigo ɗakin, tsoho mutumin Dakko, wanda tun ina ƙarami nake ce masa Baba. Na durƙusa muka gaisa, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ce, "Ɗana, mun yi rashi. Yayana Allah ya yi mai cikawa da asuba. So muke a kai shi gida, a ruhe shi kusa da uwayenmu kahin azahar."

Na yi masa gaisuwa, na ce, "Baba, sai dai motar ita ɗaya gare mu yau, ga shi kuma ranar kasuwa."

"Ai ba kwana za ta yi ba, ɗana."

Direban na tsaye bakin ƙofa yana ɓare goro. Ya ce, "Ɗan boko, takardar taka ta hana a kai Musulmi kabarinai? Kai in ka mutu da takarda za mu naɗe ka?"

Na ji kunya, na miƙa makulli.

Ina jin an yi kamar sa'a ɗaya kafin waya ta yi ƙara. Muryar namiji ce, yana haki, amma sai da ya gaishe ni sosai: ina kwana, ina gajiya, yaya aiki, yaya ruwa. Na amsa duka. Sannan ya ce shi manomi ne daga Tsibiri, wata motar kaya ƙirar kanta da ta ɗauko 'yan kasuwa daga wajensu da wajen Kaya ta zame a bakin wani kwalbati, tsakanin Maradun da Mafara, ta kife. Waɗanda suka ɗan ji ciwo an kwashe su a babura. Saura ƙanensa. Ƙarfen jikin motar ya yanke masa cinya, ƙashi ya karye, ba ya iya zama a babur, kuma jini ya ƙi tsayawa.

Na ce ya ɗaure cinyar da rawani ko zane sama da ciwon, ya matse sosai, mota na nan zuwa. Haka na faɗa, mota na nan zuwa, alhali ban san wace mota nake nufi ba.

Na fara kiran Maradun, don su ne kusa. Ma'aikaciyar jinyar da ke can, wata mace mai zafin nama da ta girme ni a aiki, ta ce ta ɗauki ledar ƙarin ruwa da bandeji, direba ma na cikin mota. Na kira masu rakiya, aka ce sun fita wani aiki tun da safe, sai sun dawo. Na sake kiranta na gaya mata.

Ta ce, "Malam, ka ce mu tahi kawai. Rana tsaka ta, hanya cike da 'yan kasuwa."

Na ce, "To, ban sani ba ko hakan zai yiwu, Hajiya. In wani abu ya same ku fa?"

"Shi wancan da ka kwance, ba wani abu na ya same shi ba?"

Na ce ta ɗan dakata in ji daga sama. Na kira maigidana a wurin aiki har sau uku, wayarsa ba ta shiga. Ita kuma ba za ta fita ba tare da umarnina ba, ni kuma ban bayar ba.

Sai na kira direbanmu. Ya ce sun wuce garin Bakura, sun kama hanyar Dakko, laka ta hana su sauri. Na ba shi labari. Ya ce, "To mi kaka son in yi? In sauke gawa bisa hanya?"

A nan ne nake ganin na yi babban kuskure, ko da yake har yanzu ina jujjuya shi. Akwai dangin mamacin a bayan motar, akwai amalanke a kowane ƙauyen da ke hanyar. Da na ce ya miƙa wa Baba wayar, na gaya masa akwai mai rai da jini ke zuba, wataƙila da an shimfiɗa tabarma ƙarƙashin wata bishiya an sauke makara. Amma nauyin maganar ya fi ƙarfin bakina. Ban iya tunanin kaina ina ce wa aminin mahaifina ya ajiye yayansa a gefen hanya ba. Abin da na ce kawai shi ne, "Ka duba dai yadda za a yi, a hanzarta." Direban ya ɗauka cewa nake ya kai su ya dawo, kuma ba laifinsa ba ne.

Mutumin Tsibiri ya sake kira. Wannan karon bai yi gaisuwa ba. Ya ce wata a-kori-kura ta tsaya, ta ɗauko buhunan gero da awaki za ta Mafara, mai motar ya yarda a ɗora ƙanensa a kan buhuna. "Yallaɓai, in sa shi ciki, ko in jira taku?"

An koya mana cewa ba a jijjiga mai karaya irin wannan a kan kaya, kuma motarmu na da gado da ƙarin ruwa. Na ce, "In da hali ka ɗan jira, ba za ta daɗe ba." Ya ce to. Na ji yana yi wa mai motar godiya, na ji ƙarar injin tana nisa.

Bayan nan ya kira sau da yawa, ban iya ƙirgawa ba. Wani kiran na ɗauka, wani na zuba wa wayar ido har ta katse. A ɗaya daga ciki ya ce ƙanen na neman ruwa, ko a ba shi. A wani ya ce ya daina magana amma yana numfashi. Ina tsaye a taga ina kallon ƙofar asibiti, mutane na shigowa da kwanukan abinci, kamar ba abin da ke faruwa.

An kira sallar azahar kafin motarmu ta dawo ta wuce Mafara. Na sa wani ma'aikacin jinya ya tare ta a bakin hanya ya shiga. Shi ya kira ni da suka isa. Ya ce sun iske an rufe mutumin da zane har kansa, yayansa na zaune kusa yana korar ƙudaje. Yayan ya roƙi a taimaka a kai gawar gida, aka kai. Masu rakiyar Maradun sun dawo gari wajen la'asar.

Ranar sadakar uku na je Dakko gaisuwa. Labari ya riga ni isa. Baba ya ja ni gefe, bai ɗaga murya ba, ya ce, "Ɗana, don mi ba ka hwaɗa mini ba? Wanda ya riga ya tahi ba ya sauri. Da a ka za mu ɗauke shi."

Tsibiri kuwa ban je ba. Na kira yayan a waya, ya yi mini doguwar gaisuwa, ya ce kwana ne ya ƙare, ya gode da ƙoƙarin da muka yi. Ya ce ƙanen ya bar mata da 'ya'ya huɗu, da gonar da ba a gama nome ta ba. Da ya zage ni, ina jin da na fi samun sauƙi.

Na rubuta rahoto na ba da shawarar a daina ba da aron motar. An karɓa, an ce an gani. Ba a yi wata guda ba wani dattijo ya shigo da irin wannan roƙon, tare da wani babba a wurin aikinmu da ya rako shi, na sake miƙa makulli. Ranar ba abin da ya faru. Na bar aikin daga baya, kuma wanda ya gaje ni ya ce mini har yau haka ake yi.

Akwai abin da na kasa tantancewa. Wani likita ya ce mini da irin wannan zubar jini, ko an sa shi a a-kori-kurar da wuya ya kai Mafara da rai. Ma'aikaciyar jinyar Maradun ta ce da ya kai. Ni ban ga ciwon da idona ba, kuma ban san tsawon lokacin da ya yi yana numfashi bayan motar geron ta wuce ba. Akwai mutanen Kaya da na Tsibiri da suka tsaya a bakin kwalbatin nan ranar, akwai mai a-kori-kurar in yana raye. Duk wanda ya karanta wannan ya ga na yi kuskure, ko na sassauta wa kaina a wani wuri, ina roƙonsa ya aiko mini da gyara ta hannun waɗanda suka buga shi, ko da gyaran zai ƙara mini nauyi.