Malam Iro, Direban Gajera

Ina gona a Yargoje, ana tsakiyar yankan dawa, wani mai babur ya tsaya a bakin hanya ya ce mini Malam Iro na Sheme ya rasu bayan sallar azahar. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na aje lauje na zauna a kan kunya.

A kamfanin gurzar auduga muka yi aiki tare. Shi ke tuƙa Gajera, ƙaramin kan jirgin ƙasa mai shan gas wanda aikinsa jera taragu a cikin fili, ya tura wannan ya janyo wancan, har babban jirgi ya zo ya kwashe su. Ni kuwa nake shiga tsakanin taragun in ƙulla su. Raina a hannunsa yake kullum. Bai taɓa motsa ta ba sai ya ga fuskata. In na ce, "Malam, ka taho mana, na kauce," sai ya ce, "Ban ga idonka ba, Garba. Auduga tana iya jira."

Gajera ba ta taɓa wuce ƙofar kamfani ba. Direbobin manyan jirage sukan yi masa ba'a, shi kuwa ya yi murmushi ya ce, "In aka haɗa kaiwa da komowarmu, ni da ita mun wuce Ikko."

Da kuɗin mai suka shigo ƙasa, tireloli suka karɓe dakon. Ciyawa ta rufe dogo, mutane suka watse, ni ma na koma noma. Malam Iro ya ci gaba da zuwa yana goge Gajera, yana tayar da injin don kada ya daskare. Ran da za a sallame shi, kamfani ya tanadar masa sabon babur, a ranar kuma 'yan gwangwan suka iso da wutar yankan ƙarfe don su yanka Gajera. Ya shiga wurin manaja ya cire hula.

"Ranka ya daɗe, a riƙe babur ɗin. A bar mini ita yadda take."

"Mi za ka yi da ita, Baba? Ba ta zuwa ko'ina."

"Dama can ba ta zuwa."

Manaja ya sallami 'yan gwangwan. Aka tura ta ƙarƙashin itacen bedi, aka yi mata rumfar kwano. A motar kasuwa Malam ya koma gida.

Ganina da shi na ƙarshe a wurin Gajera ne, da damina, idonsa ya riga ya raunana. Na taimaka masa ya hau. Ya dafa ƙarfen tuƙi ya ce, "Kwanan nan ina yawan mafarkinta. Sai in ga mun fita ƙofa, ba dogo, muna ratsa gonaki a hankali har Mabai, ko kara ɗaya ba mu karya ba. Kai kuma kana gefe, ina ganin fuskarka."

Allah Ya jiƙan Malam Iro, Ya yafe masa kurakuransa, Ya haskaka kabarinsa, Ya yi masa sassauci irin wanda ya yi mana. Allah Ya ba matarsa Hajiya da 'ya'yansa haƙurin rashinsa, Ya tsare bayansa. Mu kuma in tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani. Amin.