Jan fentin Yaya Sada

Duk wanda ya san Yaya Sada ya san allin nan da yake saƙalewa a bayan kunne. Kuna cikin hira zai juya ya nemi bango mafi kusa, ko na wane ne, ya hau rubutu. Bangon masallacinmu na Ƙofar Marusa ma bai tsira ba, sai da ladan ya bi shi da buta. Kuma duk abin da ya lalace a hannunsa magana ɗaya ce: "Darasi ne." Taya ta fashe, darasi ne. Akuya ta cinye takardunsa, darasi ne.

Ni Rabe, ɗan ƙanin babansa, a aji uku na sakandare karatuna ya tsaya. Abin da na mallaka a duniya babur ne guda ɗaya da nake acaɓa da shi, shi ke ciyar da mutum shida. Ku riƙe wannan, don a kansa aka yi komai.

Wata rana ya dawo daga wata bita da aka yi a GRA, hula a karkace, yana haki.

"Rabe, kashe mashin ɗin nan. Mun buɗe sitatof."

"Mun buɗe me?"

"Kamfani ne da ake hwara shi da babu. Mu kuwa wa ya kai mu babu?"

Tsarin shi ne mutum ya bugo waya daga cikin gida, ya ce a sawo masa fura ko magani, ko a karɓo ɗinki, mu kai masa har ƙofa. Shi Shugaba, ni Daraktan Zirga-zirga. Na ce su wa zan yi wa darakta? Ya nuna mini babur ɗina. Wallahi duk da haka na yarda. Na shiga gida ina gaya wa matata Hinde Yaya ya yi alkawari mun kusa komawa gidan bene. Ba ta ko ɗago daga tankaɗen da take yi ba, ta ce, "Sada zai kai ka ya baro."

Zauren gidansa ne ofis. Katin kamfani kuwa, ya ce masu buga takarda ɓarayi ne, sai ya yayyanka kwalin sukari ya rubuta lambar wayarsa a bayan kowane yanki. Alhajin farko da muka miƙa wa ya juya katin, ya duba, ya ce, "To, a kawo mani kwali biyu." Yaya bai yi wata-wata ba ya ce in tafi in sawo. Cinikinmu na farko ke nan.

Abin da ya fara karya mu kwatance ne. Wata Hajiya ta sa a kawo mata ɗanwake, na shiga lungu na kira ta.

"Ka ga kukar nan ta bakin lungu?"

"Hajiya, ba kuka a nan."

"E, an sare ta tun ina amarya. To daidai nan za ka sha kwana, sai ka ga gidan mai jimina."

"Akwai jimina a ƙofar?"

"Wace jimina kuma? Kakanshi ne ya taɓa kiwo."

Kafin in gano gidan, ɗanwaken nan ko a kan kare ka jefa sai ya yi kuka. Na dawo ina zage-zage, Yaya kuwa murna yake kamar an yi masa haihuwa. Ya zare alli ya rubuta a bangon zaure: Birni ba shi da lamba. Ya ce, "Mun gano ciwon, Darakta. Gobe kowane gida zai samu lamba."

Washegari ya zo da rabin gwangwanin fenti da wani ya ba shi.

Na ce, "Yaya, ja?"

"Ja kyauta ne. Kore na kuɗi ne."

Da tsakar rana, maza duk suna kasuwa, na goya shi muka bi lungu. Ya rubuta lamba, sannan ya ja layi biyu a gicciye a ƙarƙashinta don kada ya maimaita gida. Gida sittin da wani abu muka yi. A lokacin kuwa ana ta faɗaɗa tituna a gari, ko jariri ya san abin da jan gicciye a bango yake nufi: rusau. Mu biyu ne kaɗai ba mu tuna ba.

Gari na wayewa unguwa ta kama da wuta. Malam Iro mai wanki ya ɓalle ƙofarsa ya kwance kwanon rufi, wai kada katafila ta taka. Wata tsohuwa ta kwashe kajinta ta kai gidan 'yarta a Ƙofar Ƙaura. Wani kuma ya kira magina da sassafe su ƙara masa ɗaki don diyya ta yi kauri. Har wani da ba a shafa wa ba ya ja Yaya gefe ya ce, "Injiniya, ni me na yi maku aka tsallake ni?"

Da gaskiya ta fito, masu tsoro suka fusata, masu jiran diyya suka fi su fusata. Yaya ba shi da abin da za a kama, sai aka kama babur ɗina. Mai unguwa ya sa aka ɗaure shi da sarƙa a zaurensa, ya yanke hukunci: a goge kowace lamba, kuma Sada ya bi gida gida ya ba da haƙuri.

Ku da kuka san shi, wa ya taɓa jin "yi haƙuri" a bakinsa? Ya miƙe ya ce, "Ranka ya daɗe, nan da shekara goma da kanku za ku nemi lambobin nan."

Mai unguwa ya ce, "To, babur ya jira shekara goman."

Kwana biyu yana taurin kai. A na uku na same shi a zaure yana zanen taswirar unguwa. Na ce, "Yau ba a ɗora tukunya a gidana ba. Rubuta wannan a bangonka." Ya tsaya yana duban allin da ke hannunsa, sannan ya sa shi a aljihu. Ranar na fara ganin kunnensa ba komai.

Mutumin da ba ya sayen ruwan leda shi ya sayi farar ƙasa bokiti guda. Kwana uku yana bin ƙofa ƙofa cikin rana, ya yi sallama, ya ba da haƙuri, ya shafe lambarsa da hannunsa. Amma hali bai bar shi ba. A ƙofar Malam Iro cewa ya yi, "Ka yi haƙuri, Malam. Sai dai ka riƙe a ranka kai ne sha bakwai."

Da la'asar ɗin rana ta uku ya turo babur ɗin har ƙofata, don bai iya tuƙi ba, rigarsa duk fari fat.

"Ga ma'aikacinka, Darakta."

Na ce, "Darasi ne?"

Ya ce, "A'a. Wanga laihina ne."

Kamfani a nan ya mutu. Yanzu ga yara masu tabarau da kwamfuta suna yin abin nan da ya faro, ana kiransu a rediyo, ba wanda ya taɓa ambaton Sada. Abin yana ci mini rai, ba zan ɓoye ba. Amma farar ƙasa ba ta jure damina. Ruwa biyu aka yi jan ya leƙo, 'yan acaɓa suka kama amfani da shi, har yau Iro Sha Bakwai ake ce wa mai wanki. Ranar da Yaya ya rasu, da kunnena na ji mai unguwa yana yi wa masu ta'aziyya kwatance a waya: "Ku wuce sha bakwai, gida na uku."

Babur ɗin yana nan yana ciyar da mu. Lamba ɗaya kuwa a ƙofata ya rubuta ta, Hinde ta gaji da cewa a shafe.

Allah ya jiƙan Yaya Sada, ya shafe masa kurakuransa shafewar da ruwa ba ya tonawa. Ya sa gidansa na can ya fi wanda ya yi mini alkawari, ya sada mu da shi ba sai mun nemi kwatance ba. Amin.