Ranar Haihuwata da Faifan Malam

Duk wanda ya san Malam, mijina, ya san faifan kwamfutar nan da ba ya rabuwa da aljihun gabansa. Har masallaci da shi yake zuwa. Yau shekara guda da rasuwarsa, ina faɗa 'yata Yagana na rubutawa, ina kuka, kuma har yanzu haushinsa nake ji.

A ofishinsu na hukumar alhazai da ke GRA, shi ke shigar da fom ɗin maniyyata cikin kwamfuta. In an bar gurbi, ko an sa harafi a wurin lamba, sai ta ƙi karɓa. Ƙa'idojin ba a jikin fom suke ba, suna cikin faifan. "In doka ta canja, ba a taɓa fom," in ji shi, "faifai ake gyarawa."

Sai ya kawo min halin gida. Ya manna takarda a bayan ƙofa, wai ƙa'idojin miya ne: bandar Baga guda uku, gishiri rabin cokali.

Na ce, "Malam, ka san ba na karatu."

Ya ce, "Ke fom ce, Falmata. Fom ba ya karanta ƙa'ida, bi yake."

Ranar tuwonsa ba gishiri ya ci.

Da kujerata ta Makka ta fito, kwamfuta ta tofo fom ɗina, wai babu ranar haihuwa. Ni a ruga aka haife ni, ana tafe da shanu. Wa ya rubuta?

Na ce wa Malam, "Ka sa ɗaya ga watan ɗaya, kamar kowa."

"In fara miki aikin hajji da ƙarya?"

"To faifan ba a aljihunka yake ba? Gyara."

"Ajiya aka ba ni. Sai shugaba ya sa hannu."

Saura mako uku a rufe rajista. Na yi fushi, na daina kai masa shayi. Kullum ya ɗauki takardar roƙo ya tafi wurin shugaba, ya dawo da ita ba sa hannu.

Zazzaɓin kwana huɗu ya ɗauke shi, ban huce ba. Bayan sadakar bakwai abokin aikinsa ya zo da fom ɗina. Ashe an sa hannu, kuma aikin ƙarshe da Malam ya yi shi ne ƙara layi guda a faifan: wanda bai san ranar haihuwarsa ba, shekara ta isa. Mu goma sha ɗaya muka wuce ta wannan layin, duk haihuwar ruga.

Takardar miya na nan a bayan ƙofa, ban cire ba.

Ya Allah, in an tarar da gurbi a takardarsa, Ka cika masa da rahamarKa. Amin.